Hutun da Muka Hana Kyaftin

Ranar wata Talata da la'asar malamar wasanni ta kawo mana ƙanwata gida a tasi. Ina tsaye a baranda na hango su suna hawowa bene, malamar ta riƙe ta a kafaɗa, ita kuma tana laluben bango da hannu ɗaya kamar ba a gidan aka haife ta ba. A hawa na uku muke. Matakalar da take hayewa bibbiyu da gudu, ranar sai da ta huta sau uku kafin ta iso ƙofarmu.

Shekarunta goma sha shida, ita ce shugabar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta 'yan mata a makarantarsu. Ni na laƙaba mata Kyaftin don tsokana, sunan ya bi ta, har Baba in ya sha'afa da shi yake kiranta. Na girme ta da shekara bakwai, ina gyaran waya a wani shago a bakin titi. Mu biyu ne kaɗai wurin iyayenmu.

Malamar ta zauna a bakin kujera ta yi mana bayani. An bugo ƙwallo daga kwana, Kyaftin ta tashi sama ita da wata mai tsaron baya ta ɗaya makarantar, kai ya haɗu da kai. Ta faɗi ta suma na ɗan lokaci. Da ta farfaɗo ta ce za ta ci gaba, alƙalin wasa ya ƙi. A hanyar asibiti ta yi amai, kuma sau huɗu tana tambaya ko sun ci wasan.

Kyaftin ta ɗago kai ta ce, "Malama, mun ci?"

Na fashe da dariya. Ni kaɗai na yi.

Baba bai daɗe da dawowa daga aikinsa na tuƙin motar ma'aikata ba, ko takalmi bai cire ba. Ya jawo kanta ya shafa ta gaba, ya shafa ta ƙeya, ya buɗa gashin da yatsu.

"Ba jini, ba ƙullutu. Me hoton kan ya nuna?"

"Hoton bai nuna komai ba, Baba," in ji malamar. "Amma likita ya ce irin wannan ciwon ba ya fitowa a hoto. Ƙwaƙwalwarta ce ta girgiza a cikin kai. Ya ce ta samu hutu a ɗaki marar hayaniya, ban da waya da talabijin, ban da karatu mai yawa, ban da ɗaukar kaya mai nauyi, kuma a lura da ita a kan matakala saboda jiri. Babban abin tsoro shi ne kan ya sake buguwa kafin ya warke. Talata mai zuwa a mayar da ita. In ciwon ya ƙaru, kada ma a jira Talatar."

Ta miƙa masa takardar likita. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya raka ta har ƙasa. Da ya dawo ya ajiye takardar a kan firij, ya ce, "To, alhamdulillahi. Tunda hoto bai nuna komai ba."

Duk bayanin da aka yi, abin da ya shiga kunnenmu ke nan.

Washegari an bar ta ta kwanta. Mama har ta rufe mata taga da zane, ta kai mata shayi. Kwana ɗaya tak muka yi mata wannan gatan.

Gidanmu ɗaki biyu ne da falo. Ni a falo nake kwana. Keken ɗinkin Mama a ɗakin Kyaftin yake, taku biyu daga gadonta, saboda nan ne tagar da ta fi haske. A makon Mama ta karɓi ɗinkin kayan makaranta na wani aji guda. Ranar Alhamis da safe ta yaye zanen tagar ta hau keke.

Ina shirin fita na leƙa. Kyaftin ta danne kunnuwanta da filo, ta dunƙule wuri guda.

"Mama, ƙarar nan kamar a cikin kaina ake ɗinkin."

"To ina zan kai keken, uwata? Kan titi? Juya ki kalli bango, yanzu zan gama."

Ba ta gama ba sai da rana ta faɗi.

A gidanmu, tun tana 'yar shekara goma, Kyaftin ce shara, ita ce wanke-wanke, ita ce wanki da shanya, ita ce girkin rana in ta dawo makaranta. Ba wanda ya taɓa zama ya raba aikin haka, tashi kawai muka yi muka gan shi a hannunta. Da ta kwanta kwana biyu, kwanuka suka taru har kan murhu, rigunan aikin Baba suka ƙare. Ni kuwa ina tsallake kwandon wanki in wuce, ko a jikina.

Ranar Juma'a Mama ta tsaya a kanta.

"Kan ne ke ciwo, ai hannayen lafiyarsu ƙalau. Tashi ki ɗan motsa jiki, kwanciya ma ciwo take ƙarawa."

Ta tashi. Ta ɗora shinkafa ta manta da ita har gidan ya turnuƙe da hayaƙi. Ta sake ɗora wata, ta zuba gishiri sau biyu. Wajen jera faranti ta miƙa ɗaya inda take zaton tebur yake, ta sake shi a iska, ya tarwatse a ƙasa. Ta tsaya tana kallon fasassun kamar wani ne ya yar.

Baba ya ture abincin gefe.

"Lokacin da kike tsere da ƙwallo a tsakar rana jiri bai ɗebe ki ba, sai yanzu da aka ce ki dafa abinci? Tun farko na ce ba na son wasan nan, kuka taru ke da uwarki da malamarku kuka yi ta magiya. Ga shi nan."

"Baba, wallahi abubuwa bibbiyu nake gani."

"To ki ɗauki littafi ki ga bibbiyu, ƙila karatun ya fi zama. Saura sati uku jarrabawa. Duk wanda ya faɗi a gidan nan, shi da filin ƙwallo har abada."

Na san abin da wannan kalmar ta yi mata. Da yamma na same ta a falo da littafin lissafi a cinya, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, hawaye na bin ɗayan. Ta ce layukan rawa suke yi, tana karanta jimla ta kai ƙarshe farkon ya gudu. Na ce mata ni ma haka lissafi yake min tun ina lafiya. Ta yi ɗan murmushi don kada in ji kunya.

Ranar Asabar da rana akwai babban wasa a talabijin. Abokaina uku suka zo, Baba ya zauna a kujerarsa, muka ƙure murya. Bangon da ke tsakanin falo da ɗakinta siriri ne, tari ma ana ji. Ta fito tana dafe da ƙofa, ido a ƙanƙance.

"Yaya, don Allah a ɗan rage."

"Ah, Kyaftin da kanta! Ku tashi ku gaishe ta, ita ce ta yi karo da mutum ta manta ko sun ci." Abokaina suka yi dariya. Na rage ɗigo biyu, tana juya baya na mayar. "Tunda kin fito, ɗan haɗo mana shayi mana."

Tana shigowa da tire, a cikin talabijin 'yan wasa biyu suka yi karo da kai. Ɗaya ya zube. Masu ba da agaji suka ruga, suna haska masa ido, suna nuna masa yatsu. Ya miƙe yana cewa zai ci gaba.

Baba ya dafa gwiwa ya matso gaba. "Kai, kai, kai! Su fitar da yaron nan. Kai ba abin wasa ba ne. Kocin nan ba shi da imani in ya bar shi."

Duk muka ce gaskiya ne. Kyaftin na tsaye a bayan kujerarsa da tiren a hannu. Ta dubi Baba, ta dube ni. Ta ajiye shayin a hankali ta koma ɗaki. Na ga kallon, na gane shi sarai, na mayar da idona kan wasa.

Talata ta zo, ranar komawa asibiti. Da safe ta sa mayafinta ta zauna a falo tana jira. Baba ya ce ba zai iya neman izini a wurin aiki a kan ciwon kai ba. Mama ta ce ranar za a zo karɓar ɗinki, kuma saura aljihu goma sha biyu ba ta ɗora ba. Suka juyo kaina. Na ce maigidan shagonmu ya yi tafiya ya bar min makulli, kuma layin asibitin nan sai mutum ya wuni. Gaskiya ne ya bar min makulli. Gaskiya ne kuma akwai wanda zan iya bar wa.

"In an je ma me za su yi?" in ji Baba. "Su ce a huta. Ga maganin ciwon kai nan a kan firij, ki sha biyu."

Ta cire mayafin ta ninke, ta ɗauki tsintsiya.

Daga ranar halinta ya fara sauyawa. Yarinyar da ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, Mama ta ce ta miƙo almakashi, sai ta daka tsawa, "Ku ƙyale ni mana!" sannan ta fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya, ita kanta ba ta san dalili ba. Likita ya rubuta a takardarsa cewa hakan na iya faruwa. Ba wanda ya karanta. Mama ta ce rashin kunya ce ta koyo a fili. Baba ya ce shagwaɓa ce ta yi mata yawa. Ni na ce raki ne irin na mata.

Ranar Laraba malamar wasanni ta biyo ta ji yadda aka yi da likita. Mama ta hango ta daga taga, ta yi maza ta karɓe tsumman goge-goge daga hannun Kyaftin.

"Wanke fuskarki. Kuma kada ki je ki sa a ɗauka ba ma kula da ke."

Malamar ta tambaya ko an koma asibiti. Mama ta ce ai sauƙi ya samu sosai, shi ya sa. Malamar ba ta gamsu ba, ta kama hannun Kyaftin ta dube ta cikin ido.

"Gaya min gaskiya, yaya kan?"

Kyaftin ta saci kallon Mama. "Da sauƙi, Malama."

"Jirin fa?"

"Ya tafi."

Malamar ta juya wajen Mama. "Ki ba ni ita gobe in kai ta da kaina, Mama. Ba zai ɗauki lokaci ba."

Maganar ta yi wa Mama zafi. "Malama, mun gode da ɗawainiya. Amma yarinyar nan tana da uwa da uba."

Bayan tafiyarta Kyaftin ba ta sake cewa kanta na ciwo ba. Ba ta sake roƙon a rage ƙara ba. Tana aiki tana bin bango, in jiri ya taso sai ta tsuguna kamar tana neman wani abu a ƙasa har ya wuce. Mu kuma muka ɗauki shirun a matsayin warkewa. Har Baba ya ce, "Kun gani? Da mun biye mata da har yanzu tana kwance."

Ranar Asabar, kwana goma sha ɗaya da buguwar, famfo ya ɗauke tun asuba. Wajen ƙarfe tara motar ruwa ta tsaya a ƙofar gida, maƙwabta suka yi ta sauka da bokitai. Baba na wanka da ragowar ruwan jiya. Ni ina kwance a doguwar kujera ina duba waya.

Mama ta ce, "Kai, tashi ka ɗebo mana kafin motar ta tafi."

"Yanzu, Mama. Bari in gama amsa wa wani mai gyara."

Ba wani mai gyara. Bidiyon barkwanci nake kallo.

Mama ta yi tsaki, ta juya. "Kyaftin, taimaka ki fara, yayanki zai biyo ki."

Ta ɗauki bokitai biyu. Da za ta wuce ta ɗan tsaya a kaina. Na ce, "Je ki, ina zuwa." Ta kawo sahu na farko, ta juye a randar roba, ta jingina da bango tana numfashi. Ta kawo na biyu, leɓɓanta sun yi fari. Na gani. Na ce a raina in wannan bidiyon ya ƙare zan tashi.

Ƙarar bokiti na fara ji, yana gangarawa matakala ɗaya bayan ɗaya. Sai wata ƙara guda, mai nauyi, wadda ba ta bokiti ba ce. Sai ihun matar hawa na biyu.

Na same ta a kwanar bene, kanta a jikin dakalin siminti, ruwa na kwarara ta ƙarƙashinta yana sauka ƙasa. Idonta a buɗe, amma ba ni take kallo ba. Ina kiran sunanta, ƙafarta ɗaya na karkarwa. Wannan karon akwai jini, siriri, yana fitowa ta kunne.

Baba ya fito da kumfar sabulu a wuya. Shi ya ɗauke ta, yana ta faɗin, "Uwata, uwata, dube ni," har cikin mota.

Jini ya taru a cikin kan. Awa huɗu suka yi a ɗakin tiyata. Likitan da ya fara ganinta ranar Talatar farko shi ya fito mana da fayil ɗinta a hannu. Bai ɗaga murya ba.

"Na rubuta a dawo da ita bayan sati. Ba ku zo ba. Me take yi a kan bene?"

Baba ya sunkuyar da kai.

"Tambaya nake. Yarinyar da ke ganin abu bibbiyu, me take yi a kan bene?"

Mama ta ce da ƙyar, "Ruwa ta ɗebo."

Ya dubi Baba, sannan ya dube ni tun daga kai har ƙafa, ƙato mai shekara ashirin da uku. Ya rufe fayil ɗin ya wuce. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Kwana shida ba ta san inda take ba. Ranar na bakwai da hantsi ta buɗe ido, rabin kanta a aske, bakinta ya ɗan karkace. Mama ta sunkuya a kanta tana kuka. Kyaftin ta daɗe tana haɗa kalmomin, suna fitowa ɗaya-ɗaya kamar ana jawo su da igiya.

"Mama... yi haƙuri... ruwan... ya zube."

Mama ta zame ta zauna a ƙasan asibitin.

Yau wata tara ke nan. Hannunta na dama bai dawo daidai ba, da hagu take koyon rubutu. Tana jan ƙafa. Takan nemi kalma ta rasa, sai ta sunkuyar da kai. 'Yan ajinsu sun yi jarrabawa sun wuce. Sau biyu a sati nake goya ta in sauka da ita bene zuwa wurin masu gashin ƙashi da motsa jiki, kuma duk saukowa sai ta ce min, "Sannu, Yaya, ina ba ka wahala."

Masu zuwa dubiya kuwa bakinsu ɗaya. Ƙwallo ce. Mace da ƙwallo, ai ga irinta nan. Baba yakan gyaɗa kai ya ce shi dama tun farko bai so ba. Mama takan ce ƙaddara ce, ba mai tsallake ta. Rannan wani maƙwabcinmu ya ce shi saboda abin da ya samu Kyaftin ya cire 'yarsa daga wasan guje-guje. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ba a fili ta zama haka ba. A fili minti biyu ba a yi ba aka fitar da ita, aka kai ta asibiti, aka kawo mana ita da ƙafafunta. A benen nan ta faɗi, da bokitin da ni ya kamata in ɗauka."

Baba ya tashi ya shiga ɗaki. Kwana uku bai yi min magana ba, amma ban sake jin ya ce ƙwallo ce ba.

Na rubuta wannan ne saboda na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Mu ba mugaye ba ne a idon kowa. Ba mu taɓa dukanta ba, ba mu hana ta abinci ba, ko a yau ka tambaye mu za mu rantse muna sonta, kuma ba ƙarya muka yi ba. Abin da muka yi kawai shi ne, ta ce kanta na ciwo, muka duba ba mu ga jini ba, muka zaɓi kada mu yarda, domin in mun yarda sai wani a cikinmu ya wanke kwano.

Yanzu gidanmu shiru. An mayar da keken ɗinki baranda, aikin da bai ci mu rabin awa ba ni da Baba. Talabijin ba ya tashi sai da ƙaramar murya. Na iya wanki, na iya dafa shinkafa ba ta ƙone ba. Baba da kansa yake guge rigunansa. Ba mai barin ta ta ɗaga ko da kofi. Duk abin da likita ya roƙa mata na sati guda, muna yi mata shi kullum, har wata tara, ba wanda ya ce ya gaji, ba wanda ya ce ba shi da lokaci.

Ashe duk muna iyawa.